Masarar da Hodi Ya Tsare

A ƙarshen garin Argungu, inda gidaje ke yankewa hanyar Birnin Kebbi ta miƙe, akwai wani dogon gini mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Siton gwamnati ne na ajiyar hatsin agaji. Shekara goma sha ɗaya Malam Hodi ya yi yana tsaronsa. A tsawon lokacin nan ko tiya ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, haka kuma ba a taɓa samun wanda ya tako takanas don ya gaishe shi ba.

Haifaffen Zauro ne, ɗan manomin shinkafa. Ya iya yaɓen rumbu tun bai isa riƙe lauje ba. Da gonar gado ta yi wa 'yan'uwa kaɗan, shi ya bar musu, ba don ya fi su kirki ba, sai don bai iya gardama ba. Ya zo Argungu ya yi masinja, ya yi gadi, daga baya aka lura ba ya ɗauke-ɗauke kuma ba ya surutu, sai aka ba shi sito. Matarsa Rauda ta rasu da daɗewa. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure can wajen Kamba, takan aiko da gaisuwa idan an dace da mai zuwa. A wani ɗan ɗaki bayan siton yake kwana. Yakan yini bai buɗe baki ba sai a masallaci, can ɗin ma amin ce kawai.

Kwaɗo biyu ne a ƙofar siton. Makulli ɗaya na hannun mai tsaro, ɗaya na hannun jami'in ofis, kuma ba a buɗewa sai su biyun sun haɗu da takarda mai hatimi. Hodi bai yi boko ba, amma ya san hatimin nan kamar tafin hannunsa.

Da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, duk mai riƙe da alƙalami aka ja shi Birnin Kebbi, don sabuwar jiha na neman ma'aikata. Cikinsu har da Zulkifli, saurayin jami'in da ke riƙe da makulli na biyu. Ranar da zai tafi ya tsaya da babur ɗinsa a bakin sito, ya duba hagu da dama.

"Baba Hodi, riƙe min wannan. Can ko teburi ba su ba ni ba tukuna, balle inda zan kulle abu. In na tafi da shi ɓata zai yi. Amma kada kowa ya ji, laifi ne babba."

Hodi ya kai makullin aka ɗinke masa cikin fata kamar laya, ya rataya a wuya ƙarƙashin taguwa.

Daminar da ta biyo baya gulbi ya yi cikar da ya daɗe bai yi ba. Ruwa ya hau kan shinkafa ya zauna, ya ƙi sauka har ta ruɓe a tsaye. Ƙauyukan bakin fadama suka wayi gari babu abin yanka. Bayan kaka manyan motoci suka kawo masara, sabuwa ce da aka saya cikin gaggawa, aka jibge ta har kusa da rufi. Zulkifli ya zo ya ga an sauke, aka rufe, ya mayar wa Hodi makullin a ɓoye, aka sake ɗinke shi cikin layar, shi kuma ya koma. Aka ce kuɗin wannan shekara sun ƙare, na motocin da za su kai hatsin ƙauyuka da na 'yan dako suna cikin kasafin sabuwar shekara. Da an sa hannu za a raba.

Sabuwar shekara ta kama, ba a sa hannu ba. 'Yan majalisa suka ce sai an gyara kasafin, ɓangaren gwamnati suka ce ba abin gyarawa. Wata ya mutu, wani ya tsaya.

Mutanen fadama ba su san kasafi ba, amma sun san inda masara take. Da farko mutum biyar ne suka zo tambaya. Mako bai zagayo ba sun kai arba'in, yawancinsu mata da tsofaffi, suna zuwa da hantsi su zauna ƙarƙashin dogonyaron da ke gaban sito, sai la'asar su watse. Kowa ya iso sai ya fara durƙusawa gaban Hodi. Yana da shekara hamsin da bakwai a duniya, sai yanzu ya san yadda sunansa ke fita a bakin mutane da yawa.

Akwai wata gwauruwa Tamba, daga Tungar Abu, sa'arsa ce a shekaru, mai kaifin baki. Ita ba ta durƙusawa.

"Mai makulli, an tashi lahiya? Ya amarya?"

"Wace amarya kuma?"

"Wagga da kaka kulle tun bayan kaka, ko leƙo ba ta yi. Mu dai mun zaka ganin ɗaki."

Mata suka tuntsire da dariya. Hodi ya sunkuyar da kai, amma ya kwana yana maimaita maganar a ransa yana murmushi shi kaɗai. Washegari ya tanadi amsa tun asuba.

"Amarya tac ce sai waliyyinta ya sa hannu."

"To waliyyin ga nata ko kuturu ne, ai da yanzu ya dangwala."

Haka aka ci gaba. Suna zuwa da abin da yunwa ta bar musu, gasasshen bado, ɗan busasshen kifi, wani lokaci ganyen da aka kwaɗa da ƙuli. Sai su ce ya sa hannu ya ci. Yakan ce shi ba ya karɓar toshi, sannan ya matso. Ya fara share ƙarƙashin bishiyar da safe. Ya sayi tabarma biyu. Famfon unguwa ya ƙafe, don an ce babu man da za a tayar da injin ruwa, sai ya riƙa zuwa gulbi da asuba ya cika randa saboda baƙinsa. Kalmar da yake kiransu da ita a zuciyarsa ke nan.

Mai tsaron sito yana da kunne. Hodi yakan kara nasa a jikin ƙofar ƙarfen kowace safiya kafin mutane su iso. Wata rana ya ji abin da yake tsoro, wani siririn sauti kamar yayyafi a nesa. Ƙwari sun shiga masara. A ƙa'idar aiki duk bayan mako biyu ake buɗewa, a juya buhuna, a sha iska, a sa ƙwayar magani. Wata uku ke nan ba a buɗe ba.

Yana iya shiga bayan la'asar idan an watse, ba wanda zai gani. Bai shiga ba. Ya riga ya faɗa wa mutum arba'in cewa makulli na biyu yana Birnin Kebbi, ya faɗa har ya kusa yarda, kuma yana jin idan ya zare layar nan sau ɗaya ba zai iya sake kallon Tamba ya faɗa ba.

Maimakon haka sai ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau mota zuwa Birnin Kebbi.

Ofishin yana cikin wani gidan haya, falon gidan ne aka raba da katako. Ma'aikata duk suna waje ƙarƙashin mangwaro, babu wuta, babu takardar bugawa. Wata mata na sayar musu da ruwa a kofi. Ya samu Zulkifli ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ranka shi daɗe, masara ta hwara magana."

"Magana kamar yaya, Baba?"

"Ƙwari. In na kara kunne ina jin su."

Zulkifli ya ja shi bayan gida inda babu kowa. Ya ce masa abin ya wuce yadda ake zato. Kuɗin agaji da na motocin manya da na gina gidajensu duk littafi ɗaya suke, ba a yarda a zare shafi ɗaya a sa masa hannu a bar sauran. Kowane ɓangare na jiran ɗayan ya fara sunkuyawa. Malaman makaranta sun koma gida. A ɗakin shan magani takarda kawai ake rubuta wa mutum a ce ya je ya nema. Shara ta toshe hanyar kasuwa.

"Takardarka ba ta zuwa nan kusa, kada in ruɗe ka," in ji shi. Ya dubi ƙirjin Hodi, daidai inda layar take. "Ka san abin da ke wuyanka. Ka kira masu unguwanni da hakiman tungaye, ka buɗe, su raba a gabanka. Kowa ya ɗauki nasa a kai ko a jaki, ba sai da mota ba. Babu wanda ke da man motar zuwa Argungu ya tuhume ka. In ma an tuhuma, ka ce ni na sa ka, zan amsa."

"Babu hatimi, ranka shi daɗe."

"Baba, tawadar hatimin ma ta bushe."

A cikin mota, hanyar komawa, Hodi ya yi ta juya maganar. Ya gaya wa kansa amana ce. Ya gaya wa kansa yaro ne ke magana, ranar da abin ya ɓaci tsoho za a kama. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, shi ya sa suka yi masa daɗin riƙewa. Amma ƙarƙashinsu akwai wani abu da ya fi su nauyi. Ya sha ganin rabon hatsi, ya san tsawonsa. Kwana uku ne. A kwana na huɗu sito fayau, ƙarƙashin dogonyaro fayau, tabarmi biyu a naɗe.

Da ya sauka suka taso suka kewaye shi.

"Mi anka ce?" in ji Tamba.

"Sun ce a ƙara haƙuri. An kusa."

"An kusa," ta maimaita, ta koma ta zauna.

Mutumin da ya yi ƙarya irin wannan sai ya nemi wani alheri ya ɗora a kai. Hodi ya kwana biyu yana neman abin da zai yi wa masarar ba tare da ya buɗe ƙofa ba, sai Zauro ta faɗo masa. A gidansu idan ana son hatsi ya shekara, bakin rumbu ake yaɓewa da laka, a toshe duk wata kafa, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Siton yana da ƙananan tagogi masu raga jere a sama, ƙarƙashin kwano, guda goma sha biyu. Ya kawo shawara a ƙarƙashin bishiya, kowa ya ce wannan ita ce dabara. Dukansu 'yan rumbu ne. Babu wanda ya tuna cewa gero ake zubawa a rumbu, da zangarniyarsa, bayan ya bushe ƙayau, kuma rumbu ƙasa ce da ciyawa. Wannan kuwa masara ce da aka ɗura a buhu da sauran danshinta, ƙarƙashin kwano, ga bazara na ƙaratowa. Wanda ya gina siton bai bar tagogin nan don ado ba.

Ranar yaɓen ita ce rana mafi daɗi a rayuwar Hodi, kuma har ya tsufa bai daina jin kunyar hakan ba. Tsofaffi suka haƙo laka, mata suka yi ta jido daga gulbi da tuluna, aka zuba ramno, wato yankakkiyar ciyawa, aka tattake. Aka aro tsani. Shi ne a sama, ana miƙo masa curi, yana mannawa yana shafewa da tafin hannu kamar yadda ubansa ya koya masa. Wata ta ɗauko waƙar daɓe, saura suka amsa, duk da cikinsu babu komai.

"A hankali, ango," Tamba ta ce daga ƙasa, tana riƙe masa tsani. "In kah hwaɗo ba mu da abin sadakar ukku."

"Riƙe da kyau dai."

"Ina riƙe. Ban taɓa sakin namiji ba, su ka mutuwa su bar ni."

Ya yi dariya har laka ta zubo mata a ka.

Mako biyu bayan nan sautin ƙwarin ya ragu, Hodi ya sanar, aka yi hamdala. Sai zafi ya shigo gadan-gadan. Wata safiya ya dafa bangon siton kafin rana ta fito, ya ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Bango ba ya kwana da zafin jiya har asuba. Daga ciki yake fitowa. Bayan kwanaki wani wari ya fara biyo ƙarƙashin ƙofa, tsami-tsami, irin na ƙullun da ya kwana uku. Ya tura ƙasa ya toshe wurin da ƙafa.

Mutane suka fara raguwa. Masu sauran ƙarfi suka tafi Augie ƙwadagon cirar albasa. Wasu suka bi dangi Ambursa. Waɗanda suka rage suka taɓa abin da manomin fadama ba ya taɓawa, irin shinkafar da aka ɓoye don shuka. Arba'in suka koma goma sha biyar, suka koma shida. Hodi yana ƙirga su kowace safiya, kuma abin da ke damunsa, in za a faɗi gaskiya, ba inda suka tafi ba ne.

Ran nan Tamba ta tsaya bayan sauran sun tashi. Ba ta yi zancen amarya ba. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu.

"Hodi, jiya mun daka irinmu. Ko ruwa ya sauka gobe ba mu da abin watsawa."

Ya kawar da kai gefe. Ta ci gaba.

"Ina jin warin ga. Kai ma kana ji. Tsakaninka da Allah, babu yadda za a yi?"

Layar tana manne da ƙirjinsa, gumi ya jiƙa ta. Ya buɗe baki, kuma shi kansa bai san abin da zai fito ba sai da ya ji shi.

"Babu, Tamba. Sai takarda."

Ta gyaɗa kai. "To ƙahwata ta gaji. Mil huɗu zuwa, mil huɗu komawa, ga ciki wofi. Allah shi ba mu alheri."

Washegari mutum biyu suka zo. Jibi ba kowa. Ya share wurin, ya shimfiɗa tabarmi, ya cika randa, ya zauna har la'asar. Ya sake yin haka kwana na biyu. A kwana na uku, da hantsi, ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa ya farke layar.

Ba takarda ce ta zo ba. Ba kuma tausayi ne ya ƙaru a daren ba, yunwar mutane tana nan yadda take tun watanni. Abin da yake tsarewa ne ya riga ya tafi, saura masara kawai.

Da ƙofar ta buɗe wani turiri ya buge shi har ya ja da baya yana tari. Rufin kwanon na ɗigar da ruwa ta ciki. Buhunan sama sun yi baƙi, na tsakiya sun manne da juna sun zama dutse guda, funfuna kore da fari ta lulluɓe su. Ya cusa hannu cikin wani buhu da ya fashe, ya fizge da sauri, zafi kamar tukunya. Ta bakin ƙofa ne kawai, inda iska ke ɗan satar shiga, ya samu masara mai sauran kamanninta.

Ya bar ƙofar a buɗe ya kama hanya da ƙafa. Ya je gidan mai unguwa, ya bi tungaye ɗaya bayan ɗaya yana faɗa. Kafin azahar wurin ya cika fiye da yadda ya taɓa cika. Ba wanda ya durƙusa. Maza suka yi ta jawo buhuna waje suna farkewa, mata suka baje a ƙasa da faifai suna tsinta ƙwaya-ƙwaya, mai kyau nan, ruɓaɓɓiya can. Cikin buhu biyar da ƙyar ake haɗa ɗaya. Mai unguwa ya ce kada a ci mai kore ko an wanke, ya faɗa har sau uku, amma Hodi ya ga wasu na ƙulle ta a gefen zane.

Tamba ta iso da yamma. Ta tsaya ta dubi ƙofar. Kwaɗo biyun na rataye a buɗe, ba a fasa ko ɗaya ba, kowanne da makullinsa a ciki, ɗaya har da guntun fata a jikinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Yaushe anka kawo makullin ga na biyu?"

Zai iya cewa jiya. Ba wanda zai bincika.

"Yana wurina tun ran da anka sauke masara."

"Ran da kat tahi Birnin Kebbi fa?"

"Sun ce in buɗe."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tabarmin da aka tattake, da randar da aka shanye, sannan ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar mai duba kayan da aka saya mata ba ta nan.

"Kai wawa ne, Hodi. Da cikinmu ya cika, hira ai kyauta ce. Da ka ce muna zo ku zauna, mi za shi hana?"

Ta karɓi tiya huɗu da ta samu, ta ɗora a ka, ta tafi. Bai sake ganinta ba. Ya ji daga baya ta koma wurin ɗiyarta a Ambursa, kuma Tungar Abu ba ta shuka ko rabin fadamarta ba a wannan shekarar.

An sa hannu a kasafin bayan ruwan farko. Takardar ta zo da hatiminta, tana umurtar a buɗe sito a raba. Zulkifli ya cika alkawari, ya rubuta cewa shi ya ba da izini, don haka ba a kori Hodi ba, ba a ma kira shi ba. Abin da ya rage a siton kuwa, tsaunin ruɓaɓɓiyar masara da ko awaki suka ƙi, an ce babu tanadin 'yan kwasa a kasafin bana, sai na baɗi.

Shi ya kwashe. Ya haƙa rami bayan ɗakinsa, ya ɗaura tsumma a hanci, yana cika kwando da shebur yana kaiwa yana juyewa. Kwana goma sha tara ya yi yana wannan aiki. Masu wucewa kan hanyar Birnin Kebbi sukan toshe hanci su ƙara sauri.